Wa zai amsa wa likita ranar da majinyaci ya kasa magana?

Ranar 25 ga Fabrairun 1990 wata mata mai suna Terri Schiavo ta yanke jiki ta faɗi a gidanta da ke St. Petersburg, a jihar Florida ta Amurka. Shekarunta 26. Zuciyarta ce ta tsaya, kuma kafin a farfaɗo da ita ƙwaƙwalwarta ta jima ba ta samu iska ba. Ta rayu, amma ba ta sake sanin wanda ke kanta ba. Tana numfashi da kanta, tana buɗe ido tana rufewa, abinci da ruwa kuwa sai ta robar da aka zura mata a ciki. A 1998 mijinta ya je kotu yana neman a cire robar, ya ce ta taɓa gaya masa ba za ta so a riƙe ta a irin wannan hali ba. Iyayenta suka ce atafau, 'yarsu 'yar Katolika ce, ba za ta faɗi haka ba. Aka yi shekara bakwai ana kai ruwa rana. A 2003 majalisar jihar ta yi doka ta musamman saboda ita, Gwamna Jeb Bush ya sa aka mayar da robar, daga baya kotun ƙolin jihar ta soke dokar. A watan Maris na 2005 majalisar tarayya ma ta tsoma baki, har Shugaba George W. Bush ya baro gonarsa a Texas ya koma Washington ya sa hannu a kan wata dokar cikin dare. Kotunan tarayya suka ƙi sauya hukunci. Ta rasu ranar 31 ga Maris, kwana 13 bayan an cire robar a karo na ƙarshe.

Alƙalai da 'yan majalisa da gwamna da shugaban ƙasa duk sun taru ne a kan tambaya guda: ita kanta me za ta so? Ba ta bar komai a rubuce ba, ba ta kuma naɗa wanda zai yi magana da yawunta ba. Miji da surukai da suka soma jinyarta tare, suna zaune gida ɗaya, suka ƙare ba sa ga maciji.

Ba ita ce ta farko ba. Karen Ann Quinlan tana da shekara 21 ta shiga doguwar suma a 1975 a New Jersey, sai da mahaifinta ya kai har kotun ƙolin jihar kafin a 1976 aka yarda a cire mata na'urar numfashi. Da aka cire, ta ci gaba da numfashi da kanta har 1985. Nancy Cruzan kuma hatsarin mota ta yi a jihar Missouri a 1983 tana da shekara 25. A watan Yunin 1990 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai biyar kan huɗu, ta ce jiha tana da ikon neman hujja bayyananna mai gamsarwa a kan abin da majinyacin da kansa yake so kafin a janye masa magani. Sai da wasu tsofaffin abokan aikinta suka zo suka ba da shaidar abin da suka ji daga bakinta sannan wata kotun jihar ta amince, ta rasu a Disambar wannan shekarar. Dukansu ukun ba wadda ta kai talatin lokacin da abin ya same ta. Wanda yake ganin wannan magana ta tsofaffi ce kawai ya sake dubawa.

Daga waɗannan shari'o'i aka samu takardun da ake amfani da su yau, waɗanda mutum yake rubutawa tun yana lafiya a kan yadda yake so a yi jinyarsa ranar da ya kasa magana. Tunanin ya girme su kaɗan: wani lauya a Chicago, Luis Kutner, shi ya fara kawo shawarar a ƙarshen shekarun 1960, Kalifoniya kuma ta zama jihar farko da ta ba irin wannan takarda ƙarfin doka a 1976. Bayan shari'ar Cruzan majalisar tarayya ta yi dokar 1990 da ta wajabta wa duk asibitin da ke karɓar kuɗin inshorar gwamnati ya sanar da majinyaci haƙƙinsa, ya kuma tambaye shi ko yana da takarda. Shi ya sa Bahaushen da aka kwantar a asibiti a Houston ko New York, ko da tiyatar ƙaba ce ta kai shi, zai ji ma'aikaciya tana yi masa wannan tambaya tun a teburin karɓar marasa lafiya. Da yawa sukan tsorata su ɗauka likitoci sun hango wani abu ne. Tambaya ce da ake yi wa kowa.

Takardun iri biyu ne a asali, kuma ana yawan cakuɗa su. Ta farko takardar umarni ce: mutum yana cikin hayyacinsa ya rubuta irin maganin da ba ya so a yi masa idan ya shiga hali kaza. Ta biyu takardar wakilci ce: ya ambaci sunan wanda zai yanke shawara a madadinsa. Duka biyun ba sa aiki muddin mutum yana iya yanke wa kansa hukunci. Wannan ya kamata ya kwantar da hankalin masu fargabar cewa da sun sa hannu sun miƙa wuyansu ga ɗa ko mata. A dokar Ingila da Wales ta 2005, wadda ta fara aiki a 2007, ana ɗaukar kowane baligi a matsayin mai cikakken hankali har sai an tabbatar da akasin haka, kuma ma'aunin a fili yake: ya fahimci bayanin da aka yi masa, ya riƙe shi na ɗan lokaci, ya auna shi, ya iya isar da abin da ya zaɓa ko da da ƙifta ido ne. Yanke shawarar da likita yake ganin wauta ce ba ya mayar da mutum marar hankali. Ana kuma auna abin ne a kan kowace shawara daban. Tsohuwar da gigin tsufa ya hana ta lissafin kuɗinta tana iya kasancewa ta san sarai ba ta son a yanke mata ƙafa.

Takardar umarni ita ta fi suna, ita kuma ta fi rauni. Dalilin ba boyayye ba ne. Mai lafiya ne yake rubuta wa marar lafiyar da bai taɓa zama ba. Mutum ya rubuta cewa kada a sa masa na'urar numfashi, yana tunanin kansa kwance shekara da shekaru bai san inda yake ba. Sai ciwon huhu ya kama shi, irin wanda kwana biyar a kan na'ura zai iya warkar da shi ya koma gida da ƙafafunsa. Me likita zai yi da takardar? In ya bi harafinta ya bar mutumin da zai tashi ya mutu. In ya ƙi bi ya taka umarnin da aka sa wa hannu gaban shaidu. Kalmomin da mutane suka fi so su rubuta, irin su "idan babu sauran fata" ko "kada a wahalar da ni", ba su da ma'auni a ɗakin masu tsananin jinya, inda likita ba kasafai yake cewa babu fata ba, sai dai ya ce damar kaɗan ce. Ga kuma sauyin zuciya. Mutane da yawa da suka rantse ba za su iya rayuwa a keken guragu ba, bayan shanyewar ɓarin jiki ta same su sukan ga rayuwar tana da daɗinta, suna ganin jikoki, suna jin karatu, suna sallah a zaune.

Saboda haka dokar Ingila ta tsaurara sharuɗɗa. Idan umarnin ya shafi ƙin maganin da rai ya dogara a kansa, dole ya kasance a rubuce, da sa hannun mai shi da na shaida, kuma ya faɗa ƙarara cewa yana nan daram ko da hakan zai kai ga rasa rai. Idan ya cika sharuɗɗan, kuma halin da ake ciki shi ne wanda takardar ta ambata, likita ba shi da zaɓi sai bi, daidai da a ce majinyacin ne ya buɗe baki ya ce a'a. Amma takardar tana da iyaka ta ɓangare biyu. Ba za ta tilasta wa likita ya ba da maganin da yake ganin ba shi da amfani ba. Ƙi take iya yi, ba ta iya umartar a yi. Ba za ta kuma nemi a kashe mutum ba. Wannan batu na biyu yana da muhimmanci a wurinmu, domin da yawa da sun ji zancen sai su haɗa shi da allurar mutuwa da ake yi a Holan da Beljiyam. Waɗancan dokoki ne daban. Takardar da muke magana a kai tana cewa ne a bar cuta ta yi abin da za ta yi ba tare da an tsaya mata da na'ura ba, ana kuma ci gaba da ba da maganin ciwo, da wanka, da juya majinyaci, da miƙa masa ruwa da abinci ta baki in zai iya haɗiya.

A ganina takardar wakilci ita ce ta fi cancantar a ɓata lokaci a kanta. Wakili mutum ne mai rai da zai tsaya gaban likita ya ji ainihin halin da ake ciki yau, ya yi tambaya, ya ce a gwada na'urar na mako guda a gani, ya dawo ya sake shawara in abubuwa sun canza. Rubutu ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Sai dai ba kowace takardar wakilci ce take wannan aiki ba, kuma a nan mutane suke faɗawa rami. Wakilcin da aka saba, irin wanda ɗan kasuwa yake ba ƙaninsa ya sayar masa da fili, a dokar da aka gada daga Ingila yana faɗuwa ne da zarar mai wakiltarwar ya rasa hankalinsa, wato daidai lokacin da ake bukatarsa. Wanda ya yi karatun fiƙihu ba zai yi mamaki ba, don mafi yawan mazhabobi ma sun tafi a kan cewa wakilci yana warwarewa idan hankalin mai wakiltarwa ya gushe gaba ɗaya. Wasiyya kuma ba ta fara aiki sai bayan mutuwa. Tsakanin gushewar hankali da fitar rai akwai wani fili da tsofaffin takardun biyu ba su rufe ba, kuma na'urorin asibiti na zamani sun faɗaɗa filin nan daga kwanaki zuwa shekaru. Shi ya sa aka ƙirƙiro wakilci mai ɗorewa, wanda aka rubuta musamman domin ya ci gaba da aiki bayan mutum ya fita hayyacinsa.

A Ingila da Wales wakilcin nan kashi biyu ne, na dukiya daban, na lafiya da walwala daban, kuma wanda yake riƙe da na dukiya ba shi da ta cewa a kan jinya. Fom ɗin na lafiya yana da wani shafi da ya kamata a zauna a kansa da natsuwa. Gurabe biyu ne, a ɗaya kawai ake sa hannu, gaban shaida: ko ka ba wakilinka ikon amincewa ko ƙin maganin da ke riƙe da rai, ko ka hana shi wannan ikon ka bar wa likitoci. Sannan sai wani mutum na daban, wanda ya san ka aƙalla shekara biyu ko kuma ƙwararre kamar likita ko lauya, ya tabbatar da cewa ka fahimci abin da kake yi kuma ba matsa maka aka yi ba. Bayan haka a aika wa ofishin gwamnati mai rajistar irin waɗannan takardu, rajistar kuma tana ɗaukar makonni. Takardar da ba a yi wa rajista ba ba ta aiki. Iyalin da suka tuna da ita bayan an kwantar da Baba a sume sun makara, domin wanda ba ya cikin hayyacinsa ba zai iya naɗa wakili ba.

To idan babu takarda fa? Amsar da yawancinmu muke ɗauke da ita a ka ita ce dangi za su yanke. A Ingila ba haka doka ta ce ba. Sunan da mutum ya rubuta a gurbin makusanci a fom ɗin asibiti ba ya ba wa mai sunan ikon amincewa ko ƙin magani a madadin baligi. Likitan da ke kula da majinyaci shi ne mai yanke hukunci bisa abin da ya ga ya fi zama maslaha gare shi. Wajibi ne ya tuntuɓi iyali, ya yi la'akari da addinin majinyacin da abin da aka san yana so, amma tuntuɓa ce, kalmar ƙarshe ba ta iyali ba ce. In an kasa jituwa sai kotu. A Amurka kuma yawancin jihohi suna da jerin waɗanda doka ta gabatar, galibi miji ko mata da farko, sai 'ya'ya baligai, sai iyaye, sai 'yan'uwa.

Mu ƙaddara wani dattijo ne da ya shekara talatin yana aiki a Amurka, jini ya fashe masa a ƙwaƙwalwa, yana kan na'ura. A tsarin gidansu babban wansa da ke Kano shi ne uba, ba a yanke komai sai da shi. A idon asibiti kuwa matar da ke tsaye bakin gado ita ce mai magana, wan nan yana can ƙasan jeri. In akwai wata matar a gida, dokar Amurka ba ta san da aure biyu a lokaci guda ba. Sai waya ta yi ta kaiwa da komowa tsakar dare. Wan yana cewa, "Kada a taɓa masa komai sai na zo," alhali ko biza bai nema ba. Matar tana kuka tana cewa, "Yaya, wallahi ya sha gaya mini ba ya son a bar shi a kan inji." Babbar 'yar, wadda ita ce take jin bayanin likitoci da kyau, ta rasa bayan wa za ta bi. Kowannensu son mutumin yake yi, kuma kowannensu yana tsoron a wayi gari a ce shi ne ya kashe shi. Da dattijon ya rubuta suna guda, ya kuma kira wansa tun yana lafiya ya ce, "Yaya, na wakilta wance saboda ita ce kusa, amma na ce mata ta riƙa shawara da kai," da rabin wannan tashin hankali bai taso ba.

Ba na cewa wakili ba ya kuskure. Wani nazari da aka buga a 2006, wanda ya tattara bincike da dama, ya gano cewa wakilai da dangi suna dacewa da ainihin zaɓin majinyaci ne a kashi 68 cikin 100 na lokuta. Kusan sau ɗaya cikin uku ke nan suna kaucewa. Wani nazarin na 2011 ya nuna aƙalla kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka yanke wa wani irin wannan shawara suna fama da damuwa da zargin kai na watanni, wasu har shekaru, kuma abin da ya fi rage musu nauyin shi ne sanin abin da majinyacin yake so. Wannan ya nuna inda aikin yake. Sa sunan mutum a fom ba tare da an zauna da shi ba ɗora masa kaya ne babu gammo. Kuma wanda ya dace da wakilci ba lallai ne ya zama babban ɗa ko wanda aka fi so ba. Ana bukatar wanda za a samu a waya, wanda ba ya rikicewa gaban likita, wanda zai iya faɗin abin da kai kake so ko da shi ba haka yake so ba, ya kuma jure surutun dangi bayan nan.

Bukatar ba ƙarama ba ce. Wani bincike a kan Amurkawa 'yan shekara 60 zuwa sama da suka rasu tsakanin 2000 da 2006 ya gano cewa sama da kashi 40 cikin 100 sun kai matakin da sai an yanke shawara a kan jinyarsu a kwanakin ƙarshe, kuma kashi 70 cikin 100 na waɗannan ba sa cikin halin yankewa da kansu. Duk da haka, wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai na manyan Amurkawa suke da takarda.

Akwai takarda ta uku da ba lauya ke rubuta ta ba, likita ne: umarnin kada a yi yunƙurin tayar da zuciya idan ta tsaya. Finafinai sun ɓata wa mutane fahimtar wannan aiki. A zahiri mutum ne zai haɗa hannuwansa biyu a tsakiyar ƙirji ya riƙa dannawa da ƙarfinsa, sau ɗari zuwa ɗari da ashirin a minti guda, zurfin wajen santimita biyar, wani yana zura bututu a maƙogwaro, wani yana neman jijiya, ana ja da baya a saki wutar lantarki in bugun zuciyar irin wanda wuta ke gyarawa ne. A jikin tsoho haƙarƙari yakan karye. Ko a cikin asibiti, wajen mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar ne yake rayuwa har a sallame shi, ga wanda cutar daji ta ci jikinsa ko gaɓoɓinsa suka gaza kuwa adadin ya yi ƙasa da haka sosai. Ga matashin da zuciyarsa ta tsaya a filin ƙwallo wannan aiki rahama ne. Ga tsohuwar da take gargara bayan doguwar jinya, yana nufin za ta cika ne a hannun baƙi ana danna mata ƙirji, 'ya'yanta suna waje, babu mai laƙƙana mata kalmar shahada. Umarnin ya taƙaita ga wannan aiki kaɗai. Ba ya nufin a daina ba da magani, ko ƙarin ruwa, ko iskar oksijin.

Musulmi zai tambaya ko duk wannan bai ci karo da tawakkali ba. Malamai sun daɗe da duba mas'alar. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta cire na'urori idan ƙwararrun likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwa ta daina aiki gaba ɗaya ba dawowa. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, ta ce haka a 1987, da sharaɗin likitoci uku ƙwararru su yi ittifaƙi, sai dai ita ta ce ba a yanke hukuncin mutuwa a shari'ance sai numfashi da zuciya sun tsaya bayan cirewar. Kwamitin fatawa na Saudiyya ma ya amince a bar yunƙurin tayar da zuciya idan amintattun likitoci uku sun ce ba shi da amfani. Abin da babu saɓani a kansa shi ne haramcin yin wani abu da gangan don a gaggauta mutuwa. Inda aka fi taka-tsantsan shi ne abinci da ruwa ta roba, irin na Terri Schiavo: malamai da yawa suna ganin wannan ciyarwa ce, ba magani ba, don haka ba a yanke ta. Dokokin Amurka da Ingila kuwa suna lissafa ta cikin magani da ake iya janyewa. Wannan saɓani shi kansa hujja ce ta yin rubutu. Musulmin da yake zaune a can, wanda yake so a ci gaba da ciyar da shi, a kira masa limami, a juya gadonsa ya fuskanci alƙibla in da hali, mace ce za ta kula da tsiraicin mace, ya fi kowa bukatar ya rubuta haka ya kuma naɗa wanda zai tsaya a kai. Takardar ba ta masu son a cire na'ura ba ce kaɗai.

Mu ba baƙin shirin mutuwa ba ne. Akwai dattawan da likkafaninsu yana ninke a ƙasan akwati shekara da shekaru, sun rubuta bashin da ake bin su da wanda suke bi, sun faɗi wanda suke so ya yi musu sallah. Hadisin da ya ce bai kamata Musulmi mai abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa a rubuce ba sananne ne. Abin da ba mu saba da shi ba shi ne zancen kwanakin da ke gabanin mutuwar. 'Ya ta ce, "Baba, in ta kai sai inji ne ke riƙe da numfashinka, likitoci sun ce ba dawowa, me kake so mu yi?" sai a ce tana yi masa mugun fata. Na fahimci nauyin, amma ina ganin kunyar nan tana jawo wa 'ya'ya azabar da iyayen da kansu ba za su so musu ba. Ya fi sauƙi babba ya buɗe zancen da kansa.

An gwada hakan a gari guda an ga sakamako. A La Crosse da ke jihar Wisconsin, tun daga 1991 asibitocin garin suka haɗu suka horar da ma'aikatan jinya da wasu su riƙa zama da majinyata da iyalansu ana wannan hira a tsanake, ba miƙa fom kawai ba. Binciken da aka yi daga baya ya nuna kashi 96 cikin 100 na waɗanda suka rasu a yankin suna da shirinsu a rubuce, kuma kusan duka ana samunsa a fayil ɗin asibiti lokacin da ake bukata. Tambayoyin da suke yi ba na sunayen na'urori ba ne. Me ya sa rayuwa take da daraja a wurinka? Wane hali ne in ka shiga za ka ce ya isa? Wa kake so ya yi magana?

Wasu ƙasashe sun bi sahu ta hanyarsu. Faransa ta mayar da umarnin majinyaci wajibi a kan likita a 2016, in ban da halin gaggawa ko inda umarnin bai dace da yanayin ba a fili, a daidai lokacin da ake tsakiyar rikicin Vincent Lambert, wanda matarsa da iyayensa suka yi ta shari'a a kansa har ya rasu a Reims a 2019, kusan shekara 11 bayan hatsarinsa. Kotun Ƙolin Indiya ta amince da takardar a 2018, ta sassauta sharuɗɗanta a 2023 saboda na farkon sun yi tsaurin da kusan ba mai iya cika su.

A Najeriya ma akwai tushe. A shari'ar Dakta Okonkwo, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 2001, wata mai jego 'yar Shaidun Jehobah ta ƙi ƙarin jini a 1991, da takarda mai sa hannunta, likitan ya mutunta zaɓinta, ta rasu, kotun ladabtar da likitoci ta dakatar da shi. Kotun Ƙoli ta wanke shi, ta ce baligi mai hankali yana da haƙƙin ƙin magani ko da zai rasa ransa, bisa 'yancin sirri da na addini da tsarin mulki ya ba shi. Matar tana cikin hayyacinta lokacin da ta ƙi, don haka hukuncin bai warware duk tambayoyin wanda ya riga ya sume ba, amma ya kafa ginshiƙin cewa jikin mutum nasa ne. A 2019 kotun ta nuna iyakar wannan, inda ta ce iyaye ba za su hana a yi wa jaririnsu ƙarin jini saboda aƙidarsu ba. Gaskiya ne cewa a gida matsalar takan zo ta wata fuskar: gadajen kulawa ta musamman kaɗan ne, sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun mutane yake fita, kuma sau da yawa wanda ke biya shi ke yanke shawara. Amma wannan ma dalili ne na magana tun da wuri. Akwai gidajen da aka sayar da gona da fili aka ci bashi don wankin ƙoda ko jinyar ƙasar waje da likitoci sun san ba za ta canza komai ba, saboda babu ɗan da zai iya cewa a tsaya, alhali da an tambayi uban da ya hana.

Saura batun ajiyar takardar, wanda ake rainawa. A Ingila wata tsohuwa ta rubuta umarninta yadda doka ta tanada, shanyewar jiki ta same ta a 2012, takardar ta shige cikin tarin fayil ɗin asibiti ba wanda ya lura da ita, 'ya'yanta kuma ba su san da ita ba. Aka ciyar da ita ta roba wata 22 kafin a gano, asibitin ya nemi gafara ya biya iyalin fam 45,000. A Miami kuma a 2017 likitoci suka ba da labarin wani mutum mai shekara 70 da aka kawo a sume, an yi masa zane a ƙirji cewa kada a tayar da shi, har da sa hannunsa a ƙasa. Suka rasa yadda za su yi da rubutun da ba takardar doka ba, sai da masu ba da shawara kan ɗa'ar aikin likita suka ce a mutunta shi, daga baya kuma aka gano takardarsa ta hukuma. Kwafi ya kamata ya kasance a hannun wakili, da likitan da mutum yake gani, da cikin fayil ɗin asibiti, a kuma sake duba shi idan aure ya mutu, ko wakilin ya rasu, ko an gano sabuwar cuta. Wanda ya yi takardarsa a Landan ko New York sannan ya yi ritaya ya koma Kano ko Zinder kada ya ɗauka za ta bi shi da ƙarfinta, domin ko tsakanin jihohin Amurka sharuɗɗan shaidu sun bambanta, Scotland ma dokarta daban ce da ta Ingila. In ya sauka gida sai ya nemi lauya a can, ya tara waɗanda za su tsaya a kansa ya maimaita musu abin da ya rubuta da bakinsa.